Taswirar da Na Yanka

Ina aji biyar na firamare a garin Isa, ranar da aikin sharar aji ya faɗo kaina bayan an tashi, na sa reza na yanka taswirar duniya ta ajinmu. Na ciro Afirka, na ciro Amurka ta Kudu, na kara su bisa tebur. Suka haɗu kamar fasasshen ƙoƙo.

Haka malaminmu ya iske ni.

"Ke! Mi kika yi haka?"

"Malam, duba, da can haɗe suke. Rabuwa suka yi."

"Ƙasa tafiya takai? Ke da ba ki taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Bunsuru ba, za ki ba mu labarin teku? Ce ƙarya kika yi, in ƙyale ki."

"Taswira na ɓata, a buge ni. Amma ba ni cewa ƙarya na yi."

Bulala shida na sha a tafin hannu.

Yau a jirgin ruwa nake aiki, ina auna maganaɗisun duwatsun da ke ƙarƙashin tekun da ke tsakanin Afirka da Amurka ta Kudu, kuma duwatsun sun shaida rabuwar. Bulala dai na ci abata, ni na ja. Ƙaryar da ya nemi in amsa kuwa, har gobe ba ni amsa ta.