Gidan Kwali

Ta dawo daga aiki, amma 'yarta ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana manne da ƙanwar babanta, suna liƙa kwalaye da gam.

Wata uku ke nan tana haɗiye wannan kishi. Ita ke fita tun da sassafe saboda yarinyar, amma kullum Gwaggo ce a bakinta.

"Wa aka gina wa gida? Gwaggonki ko?"

"Naki ne, Umma."

Ta jujjuya shi. Ga tagogi, ga rufin murafen kwalba.

"To ina ƙofar?"

Gwaggon ta sunkuyar da kai. "Na so in yanka, Anti, ta hana."

"In akwai ƙofa," in ji yarinyar, "fita za ki yi."