Layin Sama

Gilashi na biyar ke nan likitar ido ta saka wa telan a firam ɗin gwaji.

"Karanta layin sama."

"Dishi-dishi nake gani," ya ce, yana murza hularsa.

Haka yake ce mata tun ranar da ta ba shi amsar neman aurenta a rubuce. Ta sake duba sakamakon na'ura: idonsa garau.

A hankali ta kashe fitilar allon haruffan. Ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa.

"Ban yi makaranta ba, likita."

Ta cire masa firam ɗin, ita ma ta kasa haɗa ido da shi.

"Ina wasiƙar?"

Ya dafa aljihun ƙirjinsa.

"Mako uku kana yawo da 'na amince' a aljihu, ni ina can ina kuka ka fasa."