Mai Aski da Matatar Kifinsa

Tunda ka ce alheri ba ya yin yawa, gyara zama in ba ka misali. An yi wani mai aski, mutum mai fara'a da son ƙawa, da ya sayi ɗan akwatin gilashi wanda bai fi cin bokiti guda na ruwa ba, ya zuba ƙananan kifaye masu doguwar wutsiya, ja da ruwan goro, ya ajiye kusa da madubin shagonsa. Masu jiran layi suka daina ƙorafi, kowa sai kallon kifi. Ba a jima ba ruwan ya fara yin dusu-dusu kamar an wanke shinkafa a ciki. Aka ce masa matatar ruwa zai saya, wato ɗan injin da ke jan ƙazanta yana mayar da ruwa mai tsabta. Da ya je kasuwa, mai kaya ya jera masa iri-iri: ga wata 'yar mitsitsiya ta soso mai fitar da kumfa a hankali, ga matsakaiciya da ake ratayawa a bakin gilashi, ga kuma wata ƙatuwa mai ƙugi, irin ta manyan tankuna. Mai aski ya dubi ta soson ya yi dariya, ya ce wannan ai ko wanka ba za ta ishe shi ba. Kifinsa ba marayu ba ne, a ba shi babbar.

Ya dawo ya jona ta da wuta. Nan da nan ruwa ya yi garau kamar idon zakara, har maƙwabta suka shigo taya shi murna. Sai dai kifin sun shiga uku. Ruwan ya riƙa juyawa da su kamar ana dama kunu, wutsiyoyinsu na lanƙwashewa, in ya barbaɗa musu abinci kafin su buɗe baki injin ya haɗiye. Washegari duk suka maƙale a bayan wani dutsen ado da ke cikin akwatin, ba mai leƙowa, ƙaramin cikinsu kuwa ya manne a bakin matatar yana ta fafutika. Mai aski ya bar wani mutum da rabin kai a aske, ya yi wuf ya zare wayar, ya sa hannu ya ɓamɓaro shi. Mutumin da ke kan kujera, da kumfar sabulu har kunne, ya ce, "Maigida, in ni ma haka za ka so ni, gara ka rage." Shago ya ɗauki dariya, har da shi mai askin. Da la'asar ya koma kasuwa da ƙatuwar a hammata, ya karɓo 'yar soson da ya raina. Ruwan bai washe a take ba, sai da ya yi haƙuri na 'yan kwanaki, yana rage abinci, yana sauya kaɗan daga cikin ruwan. Sannu a hankali kifin suka fito ɗaya bayan ɗaya suna shawagi cikin kumfa, ƙaramin nan ma ya warware, har ya fi kowa rawar kai wajen cin abinci.

Shi ya sa Hausawa suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.