Motar Ƙarƙashin Tamfol

Kai da kake cewa motarka ba ta yi wata tafiya ba balle a taɓa mata inji, gyara zama ka ji.

An yi wani tela a wani ƙauye, mutum mai tattali har ya so ya yi yawa. Da Allah ya hore masa ya sayi mota ta hannu, sai ya kafa mata rumfa, ya lulluɓe ta da tamfol. Kasuwa a keke yake zuwa, suna da ta'aziyya ma a keke. Motar sai ranar Juma'a take ganin rana, a wanke ta, a ɗan zaga gari, a mayar. Masu tsokana suna cewa kaji sun fi shi morarta, don su ko ba komai suna shan inuwa. Shi dai murmushi kawai yake yi, domin ya san abin da yake wa tanadi. Mahaifiyarsa ta daɗe tana burin sauke farali, shi kuwa ya yi wa kansa alkawarin ranar da za ta tashi, shi da hannunsa zai tuƙa ta har sansanin alhazai.

Yana da aboki bakanike, wanda kullum tela ya je canjin baƙin mai sai ya yi masa zancen taimin bel, wato bel ɗin roba mai haƙora da ke ɓoye cikin murfi a jikin inji, wanda ke hana fistan da bawul yin karo. Ya ce masa abu biyu ke cinye shi, nisan tafiya da yawan shekaru, duk wanda ya riga cika sai a canja, kuma tunda motar ta hannu ce, ba wanda ya san ranar da aka ɗaura wannan. Sai tela ya nuna masa mitar da ke ƙirga nisan tafiya, ya ce motar da ba ta zuwa ko'ina me zai cinye mata bel? Bakanike ya ce, "Kai fa tela ne. Robar wandon da ta shekara da shekaru a akwati, sai an sa ta take mutuwa?" Maganar ta shige shi, amma ya ce a bari tukuna, in tafiya ta matso a yi.

Tafiya kuwa ba ta yi sallama ba. Wata safiya aka aiko cewa jirginsu tsohuwa ya zo, ana neman kowa a sansani kafin la'asar. Tela ya yaye tamfol, ya ɗauki tsohuwa da jakarta, ya biya gareji, ya ce a canja bel ɗin nan yanzu-yanzu. Abokin ya ce aikin wuni ne, kayan ma sai an aiko daga birni. Haka suka kama hanya yana lallaɓa motar, yana kasa kunne ko zai ji wani ƙara. Bai ji komai ba, don wannan bel ɗin ba ya gargaɗi. Suna tsakiyar daji inji ya ɗauke kamar an hure fitila. Ya murza makulli har ya gaji, mota ta ce ba da ni ba, ashe bel ya tsinke, bawul duk sun lanƙwashe.

Can sai ga wata a-kori-kura ɗauke da albasa. Direban ya tausaya, ya matsa wa tsohuwa wuri a gaba, wurin mutum ɗaya tak, ga shi ba a barin mota ita kaɗai a daji. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ka yafe mini, ɗan nan, in Allah bai sa na dawo ba." Ya buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa. Ita dai ta samu jirginta. Shi kuwa ya wuni a bakin titi yana gadin motar da ya shekara da shekaru yana adanawa saboda wannan rana guda.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.