Harsashin Sajan Hafizu

Shekara shida ke nan Sajan Hafizu yana tuɓe takalmin dama a majalisar Ƙofar Dumi, yana nuna wa jama'a ƙullutun da ke gefen ƙaramin yatsansa. Harsashi ne, in ji shi, tsarabar zamansa a barikin Shadawanka. Babu hafsan da bai sani ba, har faɗin ƙirjinsa da tsawon hannunsa.

Da zaɓen shugaban 'yan sintirin unguwa ya zo, Nu'uman mai walda ya fito neman kujerar. Sajan, wanda shi ma kujerar yake nema, ya dube shi sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Kai da ko ƙarar bindiga ba ka taɓa ji ba? Koma wajen ƙarafunanka."

Sai dai ƙullutun bai san ana zaɓe ba. Ya kumbura, ya yi ja, takalmin sintiri ya ƙi shiga. Wanda ba ya iya zaga layi biyu kuwa, wa zai ba shi unguwa? Dole aka tafi asibiti.

Aikin bai kai awa guda ba. Aka kashe ƙafar da allura, aka tsaga, aka kankare ƙashin da ya turo, aka ɗinke. Kafin a naɗe, Sajan ya leƙa, ya ce tazarar zaren ba ta daidaita ba.

Washegari dattawan majalisa suka zo dubiya, har da Nu'uman da ledar lemo. Kowa harsashin yake son gani. Sajan ya ce hukuma ta karɓe, maganar tsaro ce, ba ta farar hula ba.

Ana cikin haka Dakta Christiana, wadda ta yi aikin, ta shigo duba bandeji. Sajan ya juya fuska bango, ya ce barci yake ji.

"Likita, yaushe Sajan namu zai iya fita sintiri?" in ji Nu'uman.

"Bayan sati shida, in ya daina zama a harɗe kan daɓe, don shi ke kawo irin wannan ƙullutu." Ta dubi Nu'uman. "Sajan kuma?"

Ta sunkuya ta leƙa fuskarsa, ta yi murmushi.

"Baba, tun jiya nake son gaishe ka, kana ta rufe ido. Ni ce 'yar Kofur Lucky. Shekara goma sha biyu kai kake ɗinka wa babanmu kaki a shagonka na bakin bariki."