Askin Malamin Lissafi

Malamin lissafi maƙaryaci ne mara kunya. Ya yi aski ƙwal-kwabo, ya ce maganin ciwon daji ya zubar masa da gashi. Wata uku yara suna haƙura da kuɗin alewarsu, suna tara masa gudummawa.

Ranar miƙawa, aka gayyato wata tela da ta warke daga cutar.

"'Ya'yana, maganin nan ba ya wasa," in ji ta. "Ni ko gira bai bar mini ba."

Yara suka waiga gaba ɗaya. Girar Malam baƙa wuluk, kamar tsintsiya.

"Malam," in ji wata 'yar aji biyu, "naka maganin tsoron gira yake yi?"

Aka kai kuɗin asibiti, shi kuma aka kore shi.