Motar Ragwaye

Wata shida ke nan motar Auta na lulluɓe da tamfol a bayan makarantar koyon tuƙi ta mahaifinta, har kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Shi kuwa mahaifin, Baba Kuloci, ba ya bi ta wajen. Ko buta zai ɗauko, gara ya zagaya.

Dogo ne kamar falwaya, ga baki kamar reza. Shekara talatin yana koyar da tuƙi, allon ƙofarsa na shelar cewa bai taɓa goge ko fentin motar wani ba. Da allon nan yake ci, da tsabtar takardunsa hukuma ke sabunta masa izini. A wurinsa mota ɗaya ce a duniya, mai giyar hannu. Otomatik kuwa motar ragwaye ce: ta kashe wa mutum ƙafa ɗaya da hannu ɗaya, hannun ya rasa aikin yi ya ɗauki waya, shi ya sa cunkoso ya ƙi ƙarewa a titi.

Sai ga 'yar cikinsa Auta, ma'aikaciyar jinya, guntuwa kamar uwarta, ta tsere wa kulocinsa tun a darasi na biyu. Ta je wani wuri ta koyi ta ragwayen, har ta sayo tata.

Ranar da ta kawo motar ya sa albarka, suka fita zagaye su biyu. Tun daga ƙofa yake faɗa: ina giya, ina kuloci, wannan ai kujerar falo ce aka sa wa taya. Yana tsakiyar faɗan suka tunkari danja, sai motar ta ƙame cak a tsakiyar titi, babu gaira babu dalili. Mai babur da ke biye ya daki bayanta. Tela ne, zai kai ɗinki. Ƙafarsa ta dama ta karye, wadda yake taka keken ɗinki da ita.

Su biyun suka fito a guje suka yi kansa. Da ɗan sanda ya iso yana tambayar direba, Baba Kuloci bai gama haɗiye yawu ba Auta ta miƙa lasisinta. Aka riƙe lasisin wata shida.

Bakin mutane ya samu abin taunawa. 'Yar mai koyar da tuƙi guda, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Dangin mijinta suka riƙa tambayarta ko ta fara nema wa asibitinsu marasa lafiya a titi ne. Ta koma jiran motar haya cikin rana da fararen kayanta. Ba ta taɓa ce wa mahaifinta uffan ba, shirun nan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Bakaniken da ya zo ya gyara bayan motar a inda aka jawo ta abokinsa ne tun ƙuruciya. Ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙe.

"Birki lafiyarsa lau, Dogo. Sai dai na irin waɗannan faɗi gare shi. Ƙafa in ta tafi neman abin da babu, shi take samu."

"Gyara aka kira ka ko wa'azi?"

Bakanike ya tattara sifanunsa ya tafi.

Duk mako Baba Kuloci na zuwa duba telan, shi ke kai shi asibiti, shi ke dawo da shi. Kowane zuwa sai telan ya kama hannunsa ya ce, "Don Allah Baba, kar ka matsa wa yarinyar nan, sabon hannu ce." Sai Baba Kuloci ya fito ya zauna a mota, ya daɗe bai tayar ba. Ɗalibansa ma sun lura ya daina zagin otomatik, suka ce tsufa ne.

Ranar da aka mayar wa Auta lasisinta, shi da kansa ya kori kajin, ya yaye tamfol, ya wanke motar tas. Ya miƙa mata makulli bai iya haɗa ido da ita ba.

"Auta, gobe zan je ofishin 'yan sandan nan in..."

"Ka ce musu me, Baba? Wata shidan na riga na cinye su. A sauke allonka, ƙafar tela ta koma yadda take?"

Ya juya ya hau goge gilashin motar da ya riga ya wanke. Mutumin da ko limami ba ya bari ya rufe zance.

Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta miƙa ƙafa, ko kusa ba ta taɓo birki ba. Sai ta sa hannu ƙasa ta jawo kujerar direban gaba, don tun ranar nan tana can baya, daidai tsawon ƙafafun mahaifinta.